Kundin aikina: hasken leza da hanyar maɗaciya

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na'urar leza ta iso yau da hantsi. Motar Kaduna ta sauke ta a Kwangila, na ɗauko ta a keke zuwa Samaru, naɗe cikin bargo, ina rungume da ita kamar jinjiri saboda ramukan hanya. Aro ce. Wani asibitin kuɗi ne ya ba mu ita na wata huɗu don sun sayi sabuwa. Da ita suke yi wa masu basir da masu kumburin jijiyar ƙafa aiki. Haske iri biyu take bayarwa, mai tsawon zango nanomita 980 da mai 1470, ƙarfinta kuma bai wuce wat 15 ba.

Bari in rubuta tambayar aikin tun yau, kada in ɓace a hanya. Hanta tana tsatso ruwan maɗaciya, wajen rabin lita zuwa lita guda a yini, ya bi ta ƙananan magudanai ya haɗu a babbar hanya ɗaya da ke gangarawa hanji. Wannan hanyar a jikin mai lafiya ba ta kai kaurin fensir ba, bangonta kuwa milimita ɗaya ne da 'yan kai. Idan sankara ta tsiro a cikinta sai ta toshe, ruwan ya koma cikin jini, mutum ya yi shawara. Ɗaya daga cikin dabarun da ake gwadawa a duniya shi ne a zura zaren gilashi siriri cikin hanyar, a saki hasken leza, zafin ya kashe tsiron daga ciki, hanya ta buɗe. Matsalar maƙwabta ce. Manyan jijiyoyin jini biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da hanyar maɗaciya a ƙofar hanta: mai kawo jini daga hanji, da mai bugawa wadda ke kawo shi daga zuciya. Reshen dama na mai bugawar ma galibi ta bayan hanyar yake giftawa, kusan suna gogar juna. To zafin da aka saka a ciki, nawa ne yake ƙetare bango, kuma har ina yake kaiwa?

Malamina ya leƙo da azahar, ya dubi na'urar, ya ce, "Ƙona nama kowa ya iya, mai tsire ma ya fi ka iyawa. Kai abin da za ka kawo min shi ne inda wutar ta tsaya." Na ce to, Malam.

Laraba, 22 ga Janairu

Kwata da asuba, cikin wannan hunturun. Sai da na sa riga uku. Ba a kan mutum zan yi gwaji ba, ba kuma a kan dabba mai rai ba, hantar saniyar da aka yanka ce kayan aikina. Amma ba kowace hanta ba. Ina son ɓangaren ƙofar hanta, da maɗaciyarsa a jiki, da jijiyoyinsa ba a datse su gajeru ba. Wannan kuwa ya saɓa wa al'adar fawa, don mahauci yana fito da hanta abu na farko da yake yi shi ne ya ɗauke maɗaciya ya yar, kada ta fashe ta ɗaɗɗata nama.

Wani dattijon mahauci da aka haɗa ni da shi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, shekara arba'in ina wannan sana'a, yau ne na ga mai sayen abin da muke ba karnuka. Ko dai asiri za ka haɗa?"

Na ce, "A'a wallahi Baba, karatu ne."

"To karatun ma ai wani asirin ne. Kawo kularka."

Hanta uku ya buɗe kafin mu sami wadda ta yi. Ta farko da ya tsaga hanyar maɗaciyar, sai na ji wuƙar tana ƙara kamar ta hau tsakuwa. Bangon ya yi fari, ya yi kauri, ya ƙandare kamar bututun lofe. Ya matsa da babban yatsa, sai ga tsutsotsi shafaffu masu kamar ganye suna fitowa cikin baƙin ruwa, suna motsi a hankali. Tsutsar hanta ce, wadda a littafi ake kira Fasciola gigantica. Shanu suna kwasarta a fadama, inda dodon koɗi yake raino ta, kuma Baba ya ce da ya ga saniyar da ta yi rani a bakin Galma ya san abin da zai tarar. Irin wannan hantar ba ta yi min, don bango mai kauri da ƙandarewa ba zai ɗauki zafi kamar lafiyayye ba. Amma na ajiye abin a raina. Hanyar da ciwo ya daɗe a cikinta ba irin ta hoton littafi ba ce.

Abin lura, a arewa maso gabashin Tailan, wajen Khon Kaen, inda sankarar hanyar maɗaciya ta fi yawa a duniya, tsutsar hanta ce babban sanadinta. Sai dai wata iri ce daban, Opisthorchis viverrini, da ake samu ta cin ɗanyen kifin ruwan daɗi. Ba ita ce ta shanunmu ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kwana goma sha tara na'ura tana zaune ban kunna ta ba, saboda tabarau. Wanda ya zo da ita guda ɗaya ne, gilashinsa kuma ya tsage. Abokiyar aikina ta ce mu sa baƙin tabarau na masu walda mu fara. Na ƙi. Hasken 980 ido ba ya ganinsa, ɗan jan ɗigon da ke fitowa na saiti ne kawai. Tunda ido bai gani ba, ba zai ƙifta ba, hasken ya wuce ta ƙwayar ido, ita kuma ta tattara shi wuri guda a bayan ido kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi a rana. Duhun tabarau ba ya nuna komai a nan, dole sai wanda aka rubuta zangon hasken a jikinsa. Duk lezar da ta haura rabin wat tana aji na huɗu, ajin da ya fi haɗari, tamu kuwa ta ninka haka sau 30. Sababbin sun iso jiya daga Legas. Mun liƙe tagogi da baƙar takarda, mun kwashe duk wani faranti mai ƙyalli, na rubuta gargaɗi da Hausa da Turanci na manna a ƙofa.

A kwanakin jiran na zauna na rubuta matakan zafi a bango, inda ido zai riƙa faɗawa. Jiki yana digiri 37. Daga 43 ƙwayoyin halitta suna fara mutuwa, amma sai an daɗe. Wajen 60 furotin ya daskare nan take, kamar farin ƙwai a kasko, nama ya yi fari. A 100 ruwan cikin nama ya tafasa ya zama tururi. In aka zarce nama ya bushe, sai gawayi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Harbi na farko, kuma an ji kunya.

Na ɗumama naman a ruwan gishiri har tsakiyarsa ya kai 37, don in aka fara daga sanyin kula duk lissafi ya rushe. Na zura zare mai tsirara baki, wanda ke harba haske gaba kamar tocila, na sa wat 10 a 980, na taka feda. Daƙiƙa kaɗan shiru. Sai ƙara, ɗas ɗas, irin ta gyaɗa a yashi, sai wani siririn hayaƙi ya fito ta bakin hanyar. Na ɗaga ƙafa. Da na zaro zaren, bakinsa ya yi baƙi ƙirin. Da muka tsaga hanyar a tsaye, ga rami ɗan ƙarami mai baƙin baki a gefe ɗaya, ya huda bango ya shige naman hanta, ɗaya gefen kuwa ko ɗumi bai ji ba. Da cikin mutum ne, wannan ɓula ce, ruwan maɗaciya ya tsiyaya cikin ciki.

Gawayin shi ne mugun abu. Da zarar ya liƙe a bakin zare, shi ke shanye hasken gaba ɗaya, hasken ya daina ratsa nama, zaren ya koma tamkar ƙusa mai zafi. Mun yanke bakin, mun ajiye wannan zaren. Daga yau sai mai watsa haske a kewaye kamar zobe, irin wanda ake sa wa jijiyar ƙafa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mako biyu na aiki sun tafi a banza, kuma laifina ne.

Ina auna zafi da siraran wayoyin ƙarfe guda huɗu: ɗaya a cikin hanya, ɗaya a bayan bango, ɗaya milimita 3 daga bango, ɗaya a milimita 6. Tun makon jiya lambobin suna ba ni tsoro. Ina taka feda, wayar bayan bango sai ta yi tsalle sama cikin ƙiftawar ido. Na har fara rubuta wa Malam cewa abin ya fi yadda ake zato haɗari. Abokiyar aikina ce ta tsaya a kan zanen da kwamfuta ta fitar, ta ce, "Kai, dubi nan. Kana sakin feda ya faɗo da digiri wajen goma a daƙiƙa guda. Wane nama ne yake hucewa haka? Ko shayi a kofin silba ai ya fi wannan riƙe zafi."

Gaskiyarta. Ba zafin nama nake aunawa ba, zafin wayar nake aunawa. Ƙarfen da kansa yana shan hasken da ya ratso bango, ya yi zafi fiye da naman da ke kewaye da shi. Sananniyar matsala ce, tana nan a rubuce, na karanta ta ma, amma da ta zo gabana ban gane ta ba don lambobin sun yi daidai da abin da zuciyata ke son gani. Masu hali suna amfani da ma'aunin zaren gilashi, wanda haske bai dame shi ba, ko su auna da na'urar hoton maganaɗisu. Mu namu gyaran na talaka ne: za mu riƙa katse hasken na ɗan lokaci, mu bar tsallen ya faɗi, mu karanta abin da ya rage. Duk awon da na yi kafin yau na ja masa jan layi, ban goge ba.

Litinin, 10 ga Maris, 10 ga Ramadan

Wanda bai taɓa gasa hanta da ƙarfe biyun rana yana azumi ba, bai san jarrabawa ba. Ɗakin gaba ɗaya ƙamshin balangu yake. Baba mai shara ya tsaya a ƙofa ya ce in mun gama a ba shi ya kai gida don buɗa baki. Na ba shi haƙuri. Naman da ya wuni a ruwan ɗumi aka soka masa wayoyi ba na ci ba ne, binne shi muke. Hayaƙin ma ba abin shaƙa ba ne, mun sa takunkumi, mun ɗaura fanka tana jan shi waje.

Amma yau na ga abin da nake ganin shi ne zuciyar aikin nan. Da aka gyara awon, sai zanen ya fito da wata siffa. Wayar cikin hanya tana hawa in an kunna, tana sauka in an kashe, ba abin mamaki. Ta milimita 3 kuwa, bayan na ɗaga ƙafata daga feda, sai ta ci gaba da hawa. Na zuba mata ido. Daƙiƙa biyar tana hawa, goma tana hawa, sai wajen daƙiƙa ashirin ta tsaya ta fara gangarowa. Leza a kashe, ɗaki shiru, nama yana ƙara zafi. Zafin da aka tara a bango bai da wurin zuwa sai waje, kuma a hankali yake tafiya cikin nama. Na yi lissafi a bayan takarda da saurin yaɗuwar zafi a nama mai ruwa, ya ba ni daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya ci milimita 3. Ya yi daidai da abin da na gani. Duk macen da ta taɓa sauke tukunyar tuwo ta dawo ta tarar ƙanzo ya ƙara kamawa ta san wannan.

Ma'anarsa, likitan da ke kallon allo ya kashe na'ura daidai lokacin da lamba ta kai iyaka, ya riga ya makara game da jijiyar da ke bayan bango.

Sannan iyakar ma ba lamba ɗaya ba ce, zafi ne haɗe da lokaci. Tun 1947 Moritz da Henriques suka nuna haka a kan fatar alade, a 1984 kuma Sapareto da Dewey suka mayar da shi ƙa'ida mai sauƙi: sama da digiri 43, duk digiri ɗaya da aka ƙara, lokacin da ake buƙata don ɓarna iri ɗaya yana raguwa da rabi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na mutuwar nama shi ne kwatankwacin minti 240 a digiri 43. Na ninka da hannu. A 47, minti 15. A 51, bai cika minti ɗaya ba. A 55, daƙiƙa uku da rabi. To ka ga jijiyar da ta zauna a 52 na minti guda ba za ta yi fari ba, ido ba zai ga komai ba, amma ta ƙetare iyaka. Ni kuma duk makonnin nan farin zoben da ƙuna ke bari a nama kewaye da hanyar nake aunawa da ma'aunin milimita ina murna. Farin zobe yana nuna inda aka kai wajen 60 ne kawai. Mataccen nama ya fi shi faɗi.

Alhamis, 20 ga Maris

Ba gwaji yau. Na sha ruwa a gidan wani likitan tiyata a Tudun Wada, abokin yayana ne tun suna sakandare. Bayan tarawi na baje masa zane-zanena a kan darduma.

Ya tambaye ni me ya kai ni ga wannan ciwon, duk cututtukan da ke ƙasar nan. Na ba shi labarin kawuna. Shekara huɗu ke nan. Idonsa ya yi kamar garin ɗorawa, fitsari kamar shayi ba madara, bayan gida kuma fari fat. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe wata uku. Abin da ba na mantawa shi ne ƙaiƙayin. Da totuwar masara yake susa, dare da rana, har ƙafafunsa suka yi jini, ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi. Da aka kai shi asibiti aka yi hoto, aka ce tsiro ne a daidai mahaɗar hanyoyin dama da hagu, irin wanda ake kira da sunan Klatskin, likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1965. Aka ce ya wuce a yanka. Bai kai Babbar Sallah ba.

Likitan ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, bari in gaya maka don kada ka ɗora wa na'urarka abin da ba za ta iya ba. Abin da ke warkar da wannan ciwon yanka ne, a cire shi duka, kuma yawancin masu shi a duk duniya ba sa zuwa a lokacin da za a iya. Ƙonawar da kake magana buɗe hanya ce. Ruwa ya sauka, ƙaiƙayi ya lafa, mutum ya ci abinci, ya sami ƙarfin karɓar maganin sankara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tunda don sauƙi ake yi, ba a yarda ta kashe mutum ba."

Ya yi min bayanin yadda ake yi yanzu. Ana bi ta baki da bututun kyamara har hanji, ko a huda ta fata a shiga hanta, a sa ɗan bututun roba ko ragar ƙarfe ta riƙe hanyar a buɗe. Na roba yakan toshe cikin wata uku ko kusa da haka, ragar ƙarfe ta fi daɗewa amma tsiron yana kutsowa ta ramukanta. Shi ya sa ake son a rage tsiron tukuna. Wadda ta fi yaɗuwa ba leza ba ce, ƙonawa ce da wutar lantarki mai saurin kaɗawa. A Landan aka fara bayar da rahotonta cikin hanyar maɗaciya a 2011, da wata waya mai sunan Farfesa Nagy Habib, kuma yawanci wat 7 zuwa 10 ake sa mata na minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Ko a kanta ma magana ba ta zo ɗaya ba: wani gwaji a ƙasar Sin a 2018 ya nuna ƙarin kwana, wani a Jamhuriyar Cek a 2023 bai ga bambanci ba. Akwai kuma wadda leza ke aiki ba da zafi ba, a yi wa mutum allurar wani magani, bayan kwana biyu a haska jan haske mai nanomita 630 a cikin hanyar, maganin ya kashe tsiron. Sai dai mutum zai guji rana wata guda ko fiye, in ba haka ba fatarsa ta ƙone. Likitan ya yi dariya ya ce, "Ka gaya wa manomin Soba ya yi wata guda bai ga rana ba."

Abin da ya fi tsaya min shi ne maganarsa kan jini. Ya ce tsoronsu ba a kan teburin aiki yake ba. Bangon jijiya mai bugawa in ya sha zafi ba lallai ya fashe a ranar ba. Yana raunana, ya kumbura kamar tsohon tiyo, bayan kwanaki ko makonni ya fashe cikin hanyar maɗaciya, mutum yana gida ya fara aman jini ko baƙin bayan gida. An rubuta faruwar haka bayan ƙonawa da lantarki. Ga wanda gidansa ke da tafiyar awa biyu daga asibiti, ka san sauran.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga Sallah, an tarar da zafi. An ɗauke wuta kwana uku, firji ya narke, hanta biyu da na ajiye suka lalace. Asarar kuɗi, amma dama bai kamata in ajiye ba, sabuwar yanka ta fi. Yanzu Baba mahauci da kansa yake ware min, ya ce ya gane irin wadda "asirin" ke so.

Malam ya karanta rahoton wata uku, ya zagaye layi ɗaya da jan biro: ina jinin? Na san zai tambaya. Mataccen nama ba jini a cikinsa, shi kuwa jini shi ne babban mai kwashe zafi a jiki, tun 1948 Pennes ya sa shi cikin lissafinsa bayan ya auna zafi a damatsan mutane. Don haka muka rataya jarka a ƙusa, muka haɗa mata robar ƙarin ruwa, muka sa ruwan gishiri mai digiri 37 yana gudana ta cikin babbar jijiyar yayin da nake harbi.

Da muka tsaga, farin zoben ya daina zama zobe. Ta gefen jijiyar ya lotse, kamar an ciji wata. Ruwan da ke gudu ya kare bangon jijiyar, irin yadda ledar ruwa ba ta saurin narkewa a kan wuta muddin da ruwa a cikinta. Da farko na yi murna. Sai na tuna cewa in da tsiro a wannan gefen, shi ma ya tsira. Kuma kariyar ta manyan jijiyoyi ce, waɗanda suka haura kamar milimita 3. Ƙananan da ke ciyar da bangon hanyar kanta ba su da isasshen gudu, daskarewa suke su toshe.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Abubuwa biyu a gurguje, sannan na uku da ya fi su.

Wat 10 na minti ɗaya da wat 5 na minti biyu duk jul 600 ne (jul shi ne ma'aunin jimillar ƙarfin da aka saki), amma ba su bar tabo iri ɗaya ba. Na farko ya fi tafasa ciki, na biyu ya fi lallaɓawa waje. Don haka rubuta jul kawai a rahoto bai gaya wa kowa komai ba.

Hasken 1470 ruwa yana shan sa sosai, sai ya tsaya kusa, tabonsa siriri ne amma fuskar ciki tana saurin tafasa. Na 980 ya fi ratsawa, ya fi kai zafi bayan bango. Ba wanda zan ce ya fi, sai an san kaurin tsiron.

Na uku: sau huɗu na maimaita saiti ɗaya a hanta ɗaya, na sami tabo huɗu mabambanta. Na zargi na'ura, na zargi wayoyi. Ashe zaren ne ba ya zama a tsakiya. Hanya ba miƙaƙƙiya ba ce, zaren yana jingina da bango ɗaya, wannan gefen ya sha wuta, ɗayan ya sami kaɗan. Bambancin milimita ɗaya a zaman zare ya fi bambancin wat biyu tasiri a abin da na gani. A kan tebur ke nan, ina riƙe da shi da hannuna, ina ganinsa. Ina ga cikin mutum mai numfashi, zaren ya bi ta bututu mai tsawon fiye da mita? Yanzu na fahimci dalilin da ya sa masu bincike a Koriya ta Kudu suke sa zaren cikin wata 'yar balan-balan mai haske da ake hurawa, ta riƙe shi a tsakiya ta kuma miƙar da hanyar. A kan aladu suka gwada. Mu ba mu da ita. Abokiyar aikina ta yanko ƙananan zobba biyu daga robar ƙarin ruwa ta zura wa zaren, gaba da bayan inda haske ke fita. Tabo uku na gaba sun yi kama da juna.

Talata, 6 ga Mayu

An yi ruwan farko mai ƙarfi daren jiya, ɗakin gwaji ya yi sanyi. Masu na'ura sun kira, ranar 13 za su aiko a ɗauka. Malam ya roƙa mana ƙarin mako biyu, sun ce za su duba.

Abin da ke hannu: hanta 14 da awonsu ya tsaya, ban da na jan layi. Yankuna 20 suna cikin ruwan fomalin, za su tafi wajen masu duba nama da madubin ƙara girma, su gaya min ko ɓarnar ta wuce farin zoben da nawa. Sun riga sun gargaɗe ni cewa a mataccen nama iyakar ba ta fitowa sarai, don a jiki mai rai ɓarnar zafi tana ci gaba da bayyana har kwana biyu ko uku.

A babin sakamako Malam ya soke kalmar "amintacce" duk inda na sa ta. Wuri shida. Ya rubuta a gefe: hantar saniya, ba jini, ba tsiro, ba numfashi. Na mayar da su "bai haura digiri 45 a milimita 3 ba, a wannan yanayin".

Gobe da asuba kwata. Ina son hanta biyu, ɗaya lafiyayya, ɗaya kuma a wannan karon mai tsutsa, mai ƙandararren bango, in ga yadda zafi ke bi ta hanyar da ciwo ya riga ya canza. Na kira Baba na gaya masa. Ya ce wannan kyauta zai ba ni, amma in zo da leda biyu don tana ɗiga.